Mai Duba Takarda Ba Manyan Kalmomi Yake Nema Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare a nan Kumasi, gidanmu yana Aboabo. Ina ɓangaren General Arts, kuma adabin Turanci yana cikin darussan da na zaɓa. Ina da littafi guda da nake tara manyan kalmomi a ciki, na kuma haddace insha'i da dama daga littattafan shirin jarrabawa, amma ba na wuce D7 a Turanci. A adabi kuwa kullum malaminmu sai ya rubuta mini cewa labari nake ba shi, ba amsa ba. Babana yana biyan kuɗin lesin duk wata, har ina jin nauyinsa. Ƙawayena sun ce Hausar da muke yi a gida ce take jawo mini. Malam, ta ina zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya saka wa mahaifinki da alheri. Wasiƙar nan taki ma ta nuna mini kin iya tsara magana. Kin faɗi ko ke wace ce, kin faɗi abin da kika yi, kin nuna inda abin ya ƙi, sannan kika rufe da tambaya guda. Da haka kike rubuta insha'inki na Turanci, da ba ki daɗe a D7 ba.

Maganar ƙawayenki kuwa ki ajiye ta gefe. 'Ya'yan Bantama da Asafo da Twi suka tashi, na Ho da Ewe, na Tamale da Dagbani, kuma duk takarda ɗaya kuke zaunawa. Ba a taɓa cewa ɗayansu sai ya yar da harshen uwarsa zai ci Turanci ba. Mohammed Naseehu Ali, wanda littafinsa The Prophet of Zongo Street ya fito a 2005, ɗan zangon Kumasi ne, cikin Hausa ya girma, kuma da rubutun Turanci ya yi suna a Amurka. Akwai dai 'yan wurare da Hausa take jan hannun mai rubutun Turanci, zan zo kansu. Amma abin da ya fi cin ki shi ne littafin manyan kalmomin nan da insha'in da kika haddace, domin kina zuba ƙarfinki a inda babu maki.

Bari in nuna miki inda makin yake. A jarrabawar WASSCE, takarda ta biyu ta Turanci awa 2 ce, maki 100. Insha'i yana da 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Hamsin ɗin insha'i kuma ba a dunƙule ake ba da su ba. Maki 10 na abin da kika faɗa ne, wato ko kin amsa abin da aka tambaya. Wasu 10 na tsari ne, yadda kika buɗe, kika jera sakin layi, kika rufe. Maki 20 na yadda kika sarrafa harshen ne. Goman ƙarshe na tsabtar rubutu ne: nahawu, rubuta kalma daidai, aya da waƙafi da babban baƙi. A wannan goman, kowane kuskure rabin maki yake ci. Ki lissafa da kanki, kuskure 20 ya cinye su duka.

Na zauna duba takardu, kuma ga yadda abin yake a aikace. Mai dubawa yana riƙe da jan biro, tarin takardu a gabansa, yana bin layi yana zagaye duk kuskuren da idonsa ya faɗa a kai. A takardu masu yawa, kafin ya juya shafin farko ya riga ya ƙirga ashirin, sai ya rubuta sifili a gurbin tsabtar rubutu ya ci gaba. Kuma abin bai tsaya nan ba, domin jimlar da ta karye ba za ta sami makin iya sarrafa harshe ba. Kin ga ke nan maki 30 cikin 50 sun rataya a kan abu ɗaya, wato ko jimlarki tana tsaye da ƙafafunta. Babu gurbi ko ɗaya da aka ware wa kalma mai tsawo.

Ga irin buɗewar da muke gani har mun gaji: “I am highly elated and flabbergasted to pick my golden pen from the basket of love.” Wanda ya rubuta wannan yana ji a ransa ya burge. Mai dubawa kuwa ya ga irinta a takardu barkatai, ya san hadda ce, kuma kalmar “flabbergasted” ma ba ta zauna a wurinta ba. To ki kwatanta da yarinyar da aka ce ta rubuta wa shugaban majalisar ƙaramar hukumarta kan wata matsala a unguwarsu, ta fara da cewa: “Our street floods whenever it rains because the gutter behind the mosque is choked with plastic.” Babu kalmar da ɗan firamare bai sani ba a ciki. Amma jimlar ta faɗi abin da ke faruwa, da lokacin da yake faruwa, da dalili, kuma babu abin zagayewa. Wannan yarinya ta san abin da take magana a kai, tun da duk ɗan Aboabo ya san yadda ruwa yake yi idan damina ta sauka. Ita za ta tashi da maki.

Haddar insha'i kuma tana da wani sharri na daban. Kin haddace labarin wani haɗarin mota, sai aka tambaye ki labarin da ya ƙare da wata magana ta daban. Maimakon ki zauna ki yi tunani, sai ki kama lanƙwasa abin da kika haddace don ya shiga. Mai dubawa yana gane wurin ɗinkin nan take, saboda Turancin sakin layin da aka haddace sumul yake, na wurin da kika ƙara da kanki kuma yana tuntuɓe. Idan labarin bai amsa tambayar ba, makin abin da kika faɗa ya tafi, sauran ma su bi shi.

Ban ce ki zubar da baiwar hadda ba. Wanda ya tashi a makarantar allo yana da ƙarfin riƙe abu da yawancin 'yan ajinsa ba su da shi. Ki kai wannan ƙarfin inda zai yi amfani: aikatau masu sauya kama irin su “go, went, gone”, tsarin wasiƙar hukuma da adireshinta biyu da kanun magana, yadda ake buɗe muhawara da gaida shugaban zama da alƙalai, da gajerun layuka daga littattafan adabinki. Waɗannan ba sa canzawa, haddarsu riba ce.

Yanzu ga wuraren da Hausa take jan hannu. Na farko kuma mafi girma shi ne lokaci. A Hausa muna cewa ya tafi, yana tafiya, zai tafi, yakan tafi. Ki lura, ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita take ɗauke da lokacin. Turanci kuwa a jikin aikatau ɗin yake manna shi, da “-ed” ko “-s” ko sauya kalmar baki ɗaya. Shi ya sa ɗan Hausa zai fara labari daidai da “Yesterday I went”, layi uku a gaba sai ka ga “and I see my friend”, domin a tunaninsa ya riga ya faɗi jiya, an gama. Turanci yana so a maimaita masa a kowane aikatau. Rabin jan biron da ke takardarki, in kika duba, a nan za ki same shi.

Na biyu, muna cewa Amina ta zo, suna da wakilinsa tare. A Turanci “Amina she came” kuskure ne. Na uku ya fi shafar mu 'yan zango: Hausarmu ta nan ba ta cika rarrabe namiji da mace ba kamar ta Kano ko Sakkwato, za ki ji an ce mace ya zo ba wanda ya damu, kuma Twi da muke ji a kasuwa kalma ɗaya take da ita ga shi da ita. Sai ka ga ɗalibi ya fara da “my mother”, ya ci gaba da “he”. Na huɗu su ne “a” da “the”, waɗanda ba doka za ta koya miki su ba sai yawan karatu. Ki haɗa da Turancin buroka da gajarce-gajarcen WhatsApp, waɗanda masu duba jarrabawa suke kuka da su a rahotonsu na shekara-shekara. Wannan rahoto na manyan masu dubawa WAEC ce take fitar da shi, kuma ya fi yawancin littattafan shirin jarrabawa da ake sayarwa a Kejetia amfani, domin a ciki suke faɗin abin da ya kayar da 'yan bara. Ki tambayi malaminku ko ki neme shi a intanet.

Maganin duk wannan ba shi da daɗin ji. Ki juya littafin manyan kalmomin nan ta baya, ki mai da shi littafin kurakuranki. Duk takardar da aka dawo miki da ita, kada ki kalli maki ki cusa ta a jaka. Ki kwafe kowace jimla da aka zagaye, ki rubuta gyararriyar a ƙasanta. Cikin 'yan makonni za ki ga ba kurakurai ɗari kike yi ba, guda biyar ko shida ne kike ta maimaitawa. Sannan kullum ki rubuta sakin layi ɗaya, jimla shida zuwa takwas, a kan abin da idonki ya gani: layin masu jiran koko da ƙosai da safe, rigimar canji tsakanin yaron mota da fasinja a trotro, yadda gida yake idan an ɗauke wuta. Ki karanta shi da ƙarfi. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Sakin layi ɗaya da aka gyara aka sake rubutawa ya fi cikakken insha'i uku da ba wanda ya duba.

A nan ne maganar lesin ta shigo. Ba zan ce a daina ba, amma ki auna shi da tambaya ɗaya: a watan da ya wuce, sau nawa malamin lesin ya karɓi rubutunki ya zagaye kurakurai ya dawo miki da shi? Idan abin da ake yi kawai shi ne ya tsaya gaban mutum sittin yana karanta amsoshin tsofaffin tambayoyi kuna kwafa, to kuɗin babanki ba sa aiki. Ki same shi cikin ladabi ki yi masa bayani, a nemi wanda zai zauna da rubutunki ko da sau ɗaya ne a mako, ko da wata yayarki ce a unguwa da take jami'ar KNUST. Masu cewa suna da tambayoyin da suka fita kuwa, a biya ta waya, wato MoMo, a turo, ki yi nesa da su. Ban da asarar kuɗi, WAEC tana soke sakamakon wanda aka kama.

Game da taƙaitawa, maki 30 ne masu sauƙin samu kuma masu sauƙin zubarwa. Sau da yawa jimla shida ake nema, kowace da makinta. A rubuta cikakkiyar jimla, batu ɗaya a kowace, da kalmominki, ba tare da misalai da ƙawar marubucin ba. Wanda ya kwaso layi sukutum daga nassin ya yi asara. Hanyar koyo ita ce ki ɗauki sharhin edita na Daily Graphic, ki karanta, ki rufe jaridar, ki faɗa wa ƙanwarki da Hausa abin da mutumin yake nufi a jimla uku. Idan kin iya faɗa da Hausa, kin fahimta, sai ki mayar da shi Turanci mai sauƙi. Idan kin kasa, matsalar fahimta ce, ki sake karantawa. Takardar sauraro kuma kunne take so, ki riƙa jin labaran Turanci a rediyo minti goma kullum.

To, mu zo ga adabi, inda malaminku ya ce labari kike ba shi. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ita ce cutar da ta fi kashe ɗaliban adabi a ƙasar nan. Mai dubawa ya karanta littafin, ya san abin da ya faru. Abin da yake so ya gani shi ne ko kin gane me ya sa marubucin ya sa abin ya faru haka, da kuma yadda ya yi ya sa mai karatu ya ji abin da ya ji.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne kin daɗe da iya wannan aikin, a gida kika koye shi. Ki tuna tsakar gidan haya irin namu, ɗakuna a jere, murhu kusa da murhu. Wata uwa tana tankaɗe, kaza ta zo tana tsattsagar tsaki, sai ta kore ta tana cewa da ƙarfi, “Kai, halin kaza sai kaza, ci ki goge baki.” Matar ɗaki na uku, wadda aka ranta wa kuɗi watan jiya yau kuma ta wuce ba gaisuwa, sai ta saki labulenta da ƙarfi. Ke da kike wanke-wanke a gefe, babu wanda ya yi miki bayani, amma kin san ba da kaza ake ba. Kin san wa ake nufi, kin san laifin butulci ne, kin san an zaɓi kaza ne saboda yadda take goge baki a ƙasa bayan ta ci kamar ba ta ci ba, kin san an ɗaga murya ne don maganar ta kai ɗaki na uku, kuma sakin labulen ya tabbatar miki saƙo ya isa. Idan wani ya tambaye ki me ya faru, kika ce “Mama ta kori kaza”, kin ba da labari. Idan kika ce “Mama ta yi wa maƙwabciyarta habaici kan butulci, ta fake da kaza don kada a ce ta kama suna, shaida kuwa ita ce yadda ta ɗaga murya da yadda waccan ta saki labule”, to kin yi nazarin adabi. Abin da ake nema a takarda ke nan, ba ƙari.

Saboda haka kowane sakin layi na amsarki ya ɗauki abu uku. Ki faɗi ra'ayinki a jimlar farko, da kalmomin tambayar a ciki. Ki kawo shaida daga littafin, wani abu da ya faru ko gajeriyar magana da wani ya yi. Sannan ki bayyana yadda shaidar ta tabbatar da ra'ayin. Wannan na ukun shi ɗalibai suke tsallakewa, kuma a nan makin yake.

Mu gwada da The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland, wasan kwaikwayon da ya fito a 1975 kuma ya sha shiga jerin littattafan jarrabawa. A ce an tambaye ki ko Ananse uba ne mai ƙaunar 'yarsa ko kuwa makwaɗaici. Ɗalibin da labari kawai yake bayarwa zai fara: Ananse talaka ne, ya kai hoton 'yarsa ga sarakuna huɗu, suka yi ta aiko da kuɗi, da suka ce za su zo ɗaurin aure sai ya sa ta yi mutuwar ƙarya. Duk gaskiya ne, kuma duk bai taɓa tambayar ba. Mai amsa kuwa zai ce: kwaɗayin Ananse da ƙaunarsa a cakuɗe suke, marubuciyar ba ta bar mu mu raba su ba. Shaida ita ce da kuɗin sarakunan ya biya kuɗin makarantar Anansewa, da su kuma ya gyara gidansa ya shiga sahun masu faɗa a ji a coci. Sannan mutuwar ƙaryar, ko da yake dabarar tsira ce daga tarkon da ya ɗana wa kansa, ita ce ta tona zuciyar kowane sarki ta bakin manzanninsa, har aka gane wanda yake son yarinyar don kanta. Kin ga abubuwan da suka faru duk sun shigo, amma a matsayin shaidu, kowanne an kira shi ne don ya tabbatar da wata magana.

Kuma ke wannan wasan bai kamata ya zame miki baƙo ba. Ananse ɗan'uwan Gizo ne na tatsuniyoyinmu, mai wayon da kullum yake kai kansa bakin rami sannan ya nemi hanyar fita. Mai ba da labarin da ke cikin wasan, wanda yake tsayawa yana magana da 'yan kallo, da waƙoƙin da ake katse wasan da su, Sutherland daga al'adar tatsuniyar Akan ta ɗauko su, kuma ba su da nisa da ga ta nan ga ta nanku da waƙar da kaka take sakawa a tsakiyar tatsuniya yara su amsa. Idan aka tambaye ki aikin mai ba da labari a wasan, ki tuna abin da kakarki take yi idan ta tsaya ta ce, “To, kun ga abin da Gizo ya jawo wa kansa?”

Wani misalin ya fi wannan kusa da gida. A jerin littattafan 2021 zuwa 2025 akwai Unexpected Joy at Dawn na Alex Agyei-Agyiri, labarin Nii Tackie da 'yar'uwarsa Mama Orojo waɗanda korar baƙi ta raba. Korar nan ba ƙirƙira ba ce. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Ghana, kuma zangonni suna cikin wuraren da abin ya fi girgiza. A 1983 Najeriya ƙarƙashin Shagari ta yi irin nata, 'yan Ghana kusan miliyan suka dawo gida. Na ga ɗalibai 'yan zango suna haddace jigon wannan littafi daga ɗan littafin sharhi, alhali a gidansu akwai tsohon da ya ga motocin da aka loda mutane, ya san wanda ya sayar da gidansa a wulaƙance, ya san wanda aka haifa a Kumasi aka ce ya koma garin da bai taɓa gani ba. Nii, da ake kallo a matsayin ɗan Najeriya a Ghana kuma ɗan Ghana a Najeriya, ɗan zango ba ya bukatar a fassara masa ciwonsa. Ko wane littafi ne a jerin shekararku, domin WAEC tana sauya jerin bayan shekara biyar, ki fara da tambayar kanki: wa na sani da ya yi kama da wannan mutumin? A takarda dai shaidarki daga littafin za ta fito, ba daga labarin kakanki ba, amma fahimtar daga can take tasowa.

Littattafan sharhi ba haramun ba ne, sai dai bayan an karanta littafin ake buɗe su. Ki karanta littafin karo na farko a guje, don daɗin labari. Karo na biyu da fensir, kina ja wa maganganu layi, kina ware shafi guda ga kowane tauraro: me yake so, me ya hana shi, me ya faɗa da bakinsa, me wasu suka faɗa a kansa, ya canza ko bai canza ba. Mai dubawa yana gane wanda sharhi kawai ya karanta, domin amsarsa ba ta da ƙananan abubuwa, kuma kuskuren da mai sharhin ya yi sai ka gan shi a takardun makaranta guda. Wasan Shakespeare kuwa tambayoyinsa a takardar canki-canka suke zuwa, a yanko magana a ce wa ya faɗa, ga wa, a ina, me ya faru kafin nan. Wannan babu dabara sai sanin nassin. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku raba taurari ku karanta da baki, Turancin nasa ya fi sauƙi a kunne.

Waƙa ita ɗalibai suka fi tsoro, ni kuwa ina ganin a nan ɗan Hausa ya fi kowa gata. Kunnen da ya saba da Ishiriniya a daren Mauludi ya san amsa-amo da kari tun kafin a gaya masa sunansu da Turanci. Kuma rubutacciyar waƙa ba baƙuwa ba ce a zangonnin ƙasar nan. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a can a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, har da waɗanda ya yi kan zuwan Nasara da kan talauci. Kamance da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa duk suna cikin kirari da zambo da karin maganar da kike ji kullum. Aikinki shi ne ki koyi sunayensu na Turanci. Sai dai kiran suna kaɗai ba ya kawo maki mai yawa. Kada ki tsaya a cewa akwai “metaphor” a baiti na biyu. Ki faɗi me aka kira me, kuma me hakan ya sa mai sauraro ya ji. Idan aka ba ki waƙar da ba ki taɓa gani ba, ki karanta ta sau biyu kafin ki kalli tambayoyin, kina neman wa yake magana, da wa yake yi, cikin wane hali yake, kuma a wane ɗango muryarsa ta juya.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai da karatun da ba na jarrabawa ba. Ɗakin karatu na yankin Ashanti yana harabar Cultural Centre, mota ɗaya ce daga Aboabo zuwa Kejetia sai ɗan tattaki. Masu tsofaffin littattafai kuma suna shimfiɗa su a bakin titi a Adum. Ki ɗauki abin da zai riƙe ki, ko labarin soyayya ne, muddin Turancinsa tsayayye ne. Idan kina son wanda ya shafi tarihinmu, akwai The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, na 2018. Shafi goma kullum ya isa. Daga nan “a” da “the” za su fara zama a wurinsu ba tare da kin san lokacin da kika koya ba, kuma kalmomin da za ki tsinta a cikin jimla su ne za ki iya amfani da su daidai, ba na jerin da kika tara ba.

A ɗakin jarrabawa, insha'i minti 50 ne, kalma kamar 450. Ki ba minti biyar na farko ga zaɓen tambaya da jera batutuwa uku ko huɗu a gefen takarda. Ki zaɓi wadda kika san abin faɗa a kanta, ba wadda ta yi kama da abin da kika taɓa haddacewa ba. Minti biyar na ƙarshe kuma ki bi rubutun kina duba aikatau kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, sannan “he” da “she”. Kuskure shida da kika kama da kanki maki uku ne, kuma sau da yawa abin da ke tsakanin D7 da C6 ɗin da jami'a take nema bai fi haka ba.

A wannan makon, ki ɗauki tambayar adabi ɗaya da malaminku ya taɓa rubuta miki cewa labari kika ba shi. Ki sake amsa ta a sakin layi biyu kacal, kowanne da ra'ayi da shaida da bayani. Ki kai masa, ki roƙe shi ya zagaye kurakuran kawai kada ya gyara, ki koma gida ki gyara da kanki, ki sake kai masa.